Buhu Uku Na Shanshera Da Tsohuwar Kwamfutar Ɗana

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in ja hankalin 'yan'uwana manoma da 'yan tireda kan wata magana da ta shigo gidajenmu, wato maganar kwamfuta.

Ni manomi ne a yankin Kura. Ina shinkafa da damina, da rani kuma in yi tumatir da ruwan da ke zuwa mana daga dam ɗin Tiga, sannan ina da ɗan shagon tireda. Karatuna bai wuce firamare ba. A 2021 na saya wa babban ɗana kwamfuta ta hannu, irin ta ofis. Ya kafa ta a gefen shago yana tura wa mutane karatu da finafinai a memori, yara suna biya su buga wasan ƙwallo na PES. Daga baya ya fara ɗaukar murya: tallar masu shinkafa, waƙar biki, da ta 'yan Islamiyya idan za su yi sauka.

To, bayan girbin 2025 sai na'ura ta fara nawa. A kunna ta sai a sha shayi a gama ba ta tashi ba, ana cikin ɗaukar waƙa murya ta yanke. Yaro ya zo ya ce sabuwa yake so. Da ya faɗi kuɗin, Malam Edita, kusan duk abin da na ware na taki da man injin ban ruwa ne. Kowa ya san tun da aka cire tallafin mai aka saki Naira a 2023, Dala ta tashi daga ƙasa da Naira 500 ta haura 1,500 a 2024, kayan waje kuwa duk sun bi ta. Na ce ban iya ba. Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu, sai da mahaifiyarsa ta shiga tsakani. Muka tsaya a kan buhu uku na shanshera, abin da suka saya shi ke nan.

Wani mai gyara a Kano ya buɗe ta a gabanmu. Abin da ya fara fitarwa ƙura ce da ƙaiƙayi, sun toshe fanka har na'urar tana zafi kamar dutsen guga. Ya hure ta, ya shafa sabon man sanyaya a kan ƙwaƙwalwarta. Wannan kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa biyu ba.

Sannan ya cire tsohon faifan ajiya mai juyi ya sa wanda ake kira SSD. Nan ne na ga banbanci da idona, domin kafin in gyara zama ta tashi. Sai ram, wanda ya ce shi ne kamar faɗin tabarmar shanya: in ta yi kaɗan, aiki ya cunkushe. Namu giga 4 ne, muka mai da shi 12. A nan muka yi wauta. Yaro ya riga ya sayo DDR4 don ya ji an ce shi ne sabon yayi, alhali tamu DDR3 take ci, ramin ma ba ya shiga. Sai da muka sake kuɗin mota muka koma canji. Don Allah duk mai zuwa saye ya tafi da tsohon a aljihu. Ram ɗin ma ya yi tsada a duniya tun ƙarshen 2025, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna kwashewa.

Inda muka fi jayayya shi ne makirfo. Shi yana son irin wanda ya gani a situdiyoyin titin gidan Zoo, mai raga a gaba. Wannan kuwa kunnen maciji gare shi. Mun ara mun gwada, ya ɗauko janareton maƙwabci, da injin casa, da kukan akuya, har da tarin wani tsoho a waje. Su can ɗaki ne rufaffe da soso. Mu a ƙauye irin na masallaci da masu wa'azi ya fi mana, wanda sai ka kai baki kusa yake ji. Shi muka saya, da ɗan akwatin da ke haɗa shi da kwamfuta ta USB. Muka jingina tsohuwar katifa da barguna a bango, ɗaukar murya kuma sai bayan sallar isha'i idan injina sun yi shiru. Manhajar Audacity kyauta ce, ta ishe shi tallace-tallace.

Ragowar kuɗin na hana a taɓa sai sitabilaiza. Wutarmu takan zo da ƙarfi ba sallama, ta taɓa ƙona mini firij.

Katin hoto na wasa shi ne bai samu ba, ya kuwa ji haushi. Mai gyaran ya ce akwatin wutar irin waɗannan na ofis ƙarami ne, babban kati ba zai zauna ba, sai ɗan siriri kamar GT 1030 wanda ba ya jan wuta. Ni dai na duba littafin shago, na ga abin da tallar murya ɗaya ke kawowa ya fi na yara goma masu wasa.

Akwai saura guda. Kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa na yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, irin tamu kuma ta tsufa ga Windows 11. Saboda haka ba ma barin ta a intanet, kuma duk memorin da aka kawo sai an bincika shi kafin a buɗe.

Takin rani ya shiga gona a kan lokaci. Kati kuwa na yi masa alkawari idan na kai tumatir Kwanar Gafan, in kwando ya yi daraja.

Wassalam.

Daga mai karanta jaridarku kullum,
Kura, Jihar Kano.