Dabarun Yanke Farashi a Gwanjon Intanet

1.0 Gabatarwa

A kasuwar gargajiya baki da baki ake yin ciniki. Mai saye ya yi tayi, mai kaya ya ce albarka, a yi ta jayayya har a kai inda za a sallama. A gwanjon intanet kuwa mai kaya ba ya da ta cewa da zarar an fara tayi. Yakan ɗora hoton hajarsa, ya rubuta wasu 'yan alƙaluma, sannan ya koma gefe ya zuba ido har wa'adi ya cika. Ke nan duk wata ƙwarewarsa ta ciniki dole ta kasance a cikin waɗannan alƙaluma tun kafin mutum na farko ya taya. Wannan babi zai yi bayanin yadda ake yanke su, tare da ɗaukar dandalin eBay a matsayin misali.

1.1 Ma'anar Gwanjo da Yadda Ya Shiga Intanet

Kalmar gwanjo Hausa ta aro ta ne daga Yarabanci, kuma asalin ma'anarta shi ne sayar da kaya a bainar jama'a ga wanda ya fi kowa tayi. Daga baya ma'anar ta faɗaɗa har ta haɗa da tufafin da aka riga aka yi amfani da su. Ma'ana ta farko ce ake nufi a nan.

Pierre Omidyar ne ya buɗe dandalin da ya zama eBay a jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarar 1995. Ɗaya daga cikin kayan da aka fara sayarwa a kansa shi ne wani ɗan tocilan na nuni mai hasken leza wanda ya lalace, amma duk da haka aka saye shi dala 14 da santi 83.

A wannan dandali mai saye yakan rubuta iyakar abin da zai iya biya, kwamfuta ta ɓoye adadin, ta riƙa yi masa ƙari kaɗan-kaɗan duk lokacin da wani ya ɗara shi. Alal misali, idan mutum ɗaya ya tsaya a dala 40, wani kuma a dala 30, na farkon ne zai samu kayan, amma dala 31 kawai zai biya. Wannan ya yi kama da tsarin da masanin tattalin arziki William Vickrey ya yi nazari a kansa a 1961. Abin lura ga mai kaya shi ne, tayin mutum na biyu ne ke yanke farashi. Saboda haka masu sha'awa biyu da ke gasa sun fi masa amfani a kan attajiri guda da ba shi da abokin karawa.

1.2 Sanin Darajar Kaya da Uwar Kuɗi

Mataki na farko shi ne bincike. Dandalin yana ba da damar duba irin kayan da aka riga aka sayar da kuma kuɗin da aka biya. Wannan shi ne ma'auni na gaskiya, domin farashin da wani ya liƙa wa kayan da ba a saya ba buri ne kawai.

Bayan haka sai lissafin uwar kuɗi. A ƙaddara mutum ya sayi agogo dala 20, ya kashe dala 6 wajen ƙunshe shi da aika shi, sannan la'adar dandali ta kama kashi 13 cikin ɗari. Idan jimillar abin da mai saye ya biya dala 30 ce, la'ada za ta ci dala 3 da santi 90, ribar da ta rage kuwa santi 10 ce kacal. Wanda bai yi wannan lissafi ba yana iya yin murnar ciniki alhali faɗuwa ya yi.

1.3 Farashin Buɗe Tayi

Nan ne ra'ayoyi suka rabu. Wasu kan buɗe da kuɗi kaɗan, kamar santi 99, domin jawo jama'a. Binciken da Ku da Galinsky da Murnighan suka wallafa a 2006 ya nuna cewa buɗewa da araha takan kai ga farashi mai tsoka a ƙarshe. Dalili kuwa shi ne mutane da yawa kan shigo, ganin yawansu kan ƙara jawo wasu, kuma wanda ya riga ya ɓata lokacinsa yana tayi ba ya son ya janye.

Sai dai wannan dabara tana da sharaɗi, wato samuwar masu saye da yawa. Idan kayan na musamman ne da mutane ƙalilan ke nema, mai yiwuwa mutum ɗaya ne kawai zai taya, ya tafi da su a kan santi 99, mai kaya kuma ba shi da damar cewa albarka. A irin wannan hali abin da ya fi dacewa shi ne a buɗe da mafi ƙarancin kuɗin da za a iya sallamawa.

1.4 Ɓoyayyen Farashi

Akwai hanyar tsaka-tsaki, inda mai kaya zai buɗe da araha amma ya ajiye wani adadi a ɓoye, wanda idan tayi bai kai shi ba babu ciniki. Wannan yana kare shi daga asara, amma dandali yana karɓar kuɗi a kansa ko an sayar ko ba a sayar ba. Bugu da ƙari, masu saye ba sa son yin tayi a duhu. Katkar da Reiley sun gwada haka da katunan wasan Pokémon, inda suka sayar da su bibbiyu iri ɗaya, ɗaya da farashi a bayyane, ɗaya a ɓoye. Sakamakon da suka wallafa a 2006 ya nuna cewa ɓoyewar ta rage yiwuwar sayarwa, ta kuma rage kuɗin da aka samu.

1.5 Kuɗin Aikawa da Lokacin Rufewa

Hossain da Morgan sun gano a 2006 cewa masu saye sukan zuba ido a kan tayi, su yi sakaci da kuɗin aikawa. Wasu masu kaya sun riƙa rage farashi suna lafta kuɗin aikawa domin kauce wa la'ada, har a 2011 eBay ya fara lissafa la'adarsa a kan jimillar kuɗin duka.

Haka kuma lokacin rufewa yana da tasiri. Ana iya zaɓar wa'adin kwana 1, 3, 5, 7 ko 10. Roth da Ockenfels sun nuna a 2002 cewa idan gwanjo yana da tsayayyen lokacin rufewa, gogaggun masu saye sukan jinkirta tayinsu har daƙiƙoƙin ƙarshe. Don haka ya kamata wa'adi ya cika a sa'ar da masu saye ke farke, kuma kada shirun kwanakin farko ya firgita mai kaya.

1.6 Tsayayyen Farashi da Dabarar da Aka Hana

A shekarar 2000 eBay ya shigo da tsarin saye nan take a kan tsayayyen farashi, kuma a yau mafi yawan kayan dandalin ta wannan hanya ake sayar da su. Ita ce ta fi dacewa da kayan da kowa ya san kuɗinsu, kamar sabuwar waya. Gwanjo kuwa ya fi amfani ga abin da ba a san iyakar darajarsa ba, kamar tsohon kuɗi ko littafin da ya yi wuyar samu.

Akwai kuma dabarar da ba ta halatta ba, wato mai kaya ya sa abokinsa ya riƙa tayin ƙarya domin farashi ya hau. Dokokin eBay sun hana wannan, kuma shi ne abin da malaman fiƙihu ke kira najashi, wanda shari'a ta haramta. Riba ce ta ɗan lokaci, domin amana ita ce jarin mai sayarwa ga mutanen da ba su taɓa ganin fuskarsa ba.

1.7 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa babu farashi guda da ya dace da kowace haja. Tambayoyi biyu ne ke yi wa mai kaya jagora: shin an san darajar kayan, kuma mutum nawa ne za su yi gasa a kansu? Idan masu nema suna da yawa, sai a buɗe da araha a bar gasa ta yi aikinta. Idan kaɗan ne, sai a fara daga inda za a iya sallamawa. Idan kuwa kowa ya san kuɗin, tsayayyen farashi ya wadatar.

Jinga

1. Bayyana dalilin da ya sa tayin mutum na biyu ke yanke farashi a gwanjon intanet.
2. Kwatanta amfanin kalmomin tayi, albarka, sallama da la'ada a kasuwar gargajiya da kuma gwanjon intanet.
3. Tsara darasin auna fahimta ga ɗaliban ƙaramar sakandare ta amfani da sashe na 1.3.