Tafiyar Ƙasa a Duwatsun Himalaya: Daga Kwarin Langtang Zuwa Tafkin Gosainkunda

Gabatarwa

A ƙasar Nefal, wadda ke tsakanin Indiya da yankin Tibet na ƙasar Sin, akwai wata irin tafiya da mutane daga sassan duniya suke zuwa dominta a kowace shekara. Tafiya ce ta ƙasa a cikin duwatsu, wadda ake kwana da kwanaki ana yi, tare da jagora da 'yan dako. Ta bambanta da hawan ƙololuwar dutse da igiya da ƙusa, domin ita turbar mutanen ƙauye ake bi, a kwana a masaukai. A wannan darasi za a ɗauki hanya guda a matsayin misali, wato wadda ta ratsa kwarin Langtang ta ɓulle tafkin Gosainkunda, don a ga yadda ake tsara irin wannan tafiya da kuma dalilin da ya sa ake tsara ta haka.

Yadda Hanyar Take

Hanyar tana cikin Gandun Ƙasa na Langtang, wanda aka kafa a shekarar 1976, mai faɗin murabba'in kilomita 1,710, a arewa da Katmandu babban birnin ƙasar. Akan ɗauki kimanin mako biyu kafin a gama ta. Ranar farko a mota ake yin ta, daga Katmandu zuwa garin Syabrubesi mai tudun kimanin mita 1,500. Daga nan sai ƙafa. Akan bi gaɓar kogin Langtang cikin kurmin gora da manyan itatuwa, a kwana a Lama Hotel, wanda tarin masaukai ne a tudun kimanin mita 2,500. Domin ɗalibi ya gane ma'anar wannan adadi, ya tuna cewa Chappal Waddi da ke Jihar Taraba, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne. Ke nan tun a daren farko na tafiyar ƙasa matafiyi ya kwana sama da ko'ina a ƙasarmu, alhali tafiyar ba ta yi nisa ba.

Daga nan kurmin yakan ragu, kwarin ya buɗe, a iso ƙauyen Langtang a tudun kimanin mita 3,400. Mazauna wannan yanki Tamang ne da wasu masu asali daga Tibet, mabiya addinin Buddha, masu noman dankali da kiwon yak, wato wata saniya mai dogon gashi da ke jure sanyi. Ƙauyen da matafiyi yake gani a yau sabo ne. Ranar 25 ga Afrilu, 2015, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.8 ta afka wa Nefal, ta hallaka kusan mutum 9,000. A Langtang, girgizar ta ɓallo ƙanƙara da duwatsu daga dutsen Langtang Lirung mai tsawon fiye da mita 7,200, suka binne ƙauyen, fiye da mutum 200 suka rasu, har da baƙi da jagororinsu da 'yan dako. Waɗanda suka tsira sun dawo sun sake gini kusa da kufan, kuma turbar da ake bi yanzu a kan tsibin duwatsun da suka rufe tsohon ƙauyen ta wuce.

Zangon ƙarshe a kwarin shi ne Kyanjin Gompa, a kimanin mita 3,870, inda akwai tsohon ɗakin ibada da kuma wurin yin cuku da nonon yak, sana'ar da aka soma a kwarin cikin shekarun 1950 da taimakon ƙwararru daga Suwizalan. A nan akan yi kwana biyu. Bayan haka sai a juyo a gangara har ƙauyen Thulo Syabru, a sake kama sabon hawa ta Sing Gompa da Laurebinayak zuwa tafkin.

Tudu da Jikin Ɗan Adam

Mai karatu zai iya tambaya: me ya sa za a hau kusan mita 4,000, a sauko, sannan a sake hawa? Kuma me ya sa wasu ranakun tafiyar awa uku ko huɗu kawai ake yi, a zauna tun rana na tsaka? Amsar tana cikin yanayin iska. Kason oksijin a cikin iska ba ya canjawa, kashi 21 ne cikin 100 a gaɓar teku da kan dutse. Abin da yake raguwa shi ne matsin iskar, saboda haka kowane numfashi da mutum ya ja a kan tudu oksijin kaɗan yake kai wa huhu. A tudun mita 5,500 abin da ake samu kimanin rabin na gaɓar teku ne, a bakin tafkin Gosainkunda kuwa bai fi kashi 60 cikin 100 ba. Haka kuma zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi a kowane mita 1,000, har ma ruwa yakan tafasa tun bai kai digiri 90 ba.

Jiki yana iya sabawa da wannan ƙaranci, amma sai an ba shi lokaci. Numfashi yakan ƙaru, ƙoda ta daidaita jini, daga baya kuma jajayen ƙwayoyin jini su yawaita. Wanda ya hau da sauri fiye da yadda jikinsa zai saba yakan kamu da ciwon tudu, wanda yawanci daga mita 2,500 yake soma bayyana. Alamunsa ciwon kai ne da tashin zuciya da jiri da kasala da rashin barci. Idan aka yi biris aka ci gaba da hawa, ruwa yana iya taruwa a huhu, ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, mutum ya riƙa tangaɗi kamar mashayi, hankalinsa ya gushe, kuma cikin yini guda yana iya mutuwa. Abin lura a nan shi ne ƙarfi ba ya kare mutum. Sau da yawa ma samari majiya ƙarfi ne suke faɗawa, domin su ne masu gaggawa.

Don haka likitoci suka shimfiɗa ƙa'ida: idan an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma a huta yini guda bayan kowane kwana uku ko huɗu. Kwana biyun Kyanjin Gompa ke nan. Da rana akan hau wani tsauni da ke kusa, kamar Kyanjin Ri mai fiye da mita 4,700, a sauko a kwana a ƙasa. Wanda ya yi haka, idan ya tunkari tafkin bayan 'yan kwanaki, jikinsa ya riga ya saba.

Aikin Jagora

Daga wannan bayani za a fahimci cewa nuna hanya ƙaramin ɓangare ne na aikin jagora. Babban aikinsa shi ne taka wa matafiya burki. Yana lura da wanda ya daina cin abinci, da wanda ya koma baya, da wanda tarinsa ya canja, kuma shi ne mai yanke hukuncin a sauka ko da dare ne, domin saukar 'yan ɗaruruwan mita ita ce maganin da ya fi aiki. Wannan hukunci yana da wuya, tun da wanda ya biya kuɗi ya taso daga wata nahiya ba ya son a ce ya juya saura yini guda. Jagoran da yake tsoron ɓacin ran baƙo bai cancanci aikin ba. Daɗin daɗawa, shi ne tafinta, shi yake kama masauki, shi yake koya wa baƙo ladabin wuri, kamar barin katangar duwatsun addu'a a hannun dama idan za a wuce ta. Kula da 'yan dako ma yana wuyansa, domin su ma ciwon tudu yana kama su, ga kaya a baya, ga shi sau da yawa tufafinsu ba su kai na baƙi kauri ba.

A watan Disamba na 1991, wani ɗalibin likitanci ɗan Ostireliya mai suna James Scott ya ɓata a wannan yanki bayan dusar ƙanƙara ta shafe turba, ba shi da jagora. Ya yi kwana 43 a ƙarƙashin wani falalen dutse yana shan ƙanƙara, kafin jirgi mai saukar ungulu ya gano shi a Fabrairun 1992. Daga 1 ga Afrilu, 2023, Hukumar Yawon Buɗe Ido ta Nefal ta wajabta wa baƙi ɗaukar jagora mai lasisi a yawancin hanyoyin duwatsu.

Tafkin Gosainkunda

Tafkin yana tudun mita 4,380 a gundumar Rasuwa, kewaye da wasu tafkuna kamar Saraswati Kunda da Bhairav Kunda da Surya Kunda. A hunturu yakan daskare. A 2007 aka sanya shi cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. A aƙidar mabiya addinin Hindu, abin bautarsu Shiba ya haɗiye wata guba don ya ceci duniya, maƙogwaronsa ya kama zafi, sai ya soki dutsen da mashinsa mai baki uku, ruwa ya ɓuɓɓugo ya sha. Sunan wannan mashi, tirishul, shi ne asalin sunan kogin Trishuli da ruwan tafkin yake kwarara cikinsa. Mabiya Buddha na yankin su ma suna girmama wurin.

A bikin Janai Purnima, wanda yake faɗowa a cikar wata a wajejen Agusta, dubban masu ziyarar ibada sukan hau su yi wanka a ruwan, maza daga wasu rukunonin Hindu su sauya zaren da suke ratayawa a kafaɗa, bokayen Tamang kuma su zo da gangunansu. Lokacin damina ne, turba da santsi, kurmi cike da matsattsaku, shi ya sa baƙi suka fi zuwa daga Maris zuwa Mayu ko a Oktoba da Nuwamba. Masu ziyarar kuwa ba su da zaɓin lokaci, kuma yawancinsu daga garin Dhunche mai kimanin mita 2,000 suke tasowa, su hau fiye da mita 2,000 cikin kwana biyu. Wannan ya sa ciwon tudu ya fi yawa a cikinsu, duk da cewa 'yan ƙasa ne, har Ƙungiyar Ceto ta Himalaya takan kafa asibitin wucin gadi a bakin tafkin a kwanakin bikin.

Ga matafiyi mai jagora, saura mashigin Laurebina mai tudun mita 4,610, wuri mafi tsawo da turbar ta ratsa. Akan tashi tun da asuba domin a ƙetare kafin iska ta taso da gajimare. Idan dusar ƙanƙara ta yi yawa, jagora yakan fasa ƙetarewar, a koma ta Dhunche. Idan kuwa an ƙetare, sai gangara ta kwana uku ko huɗu cikin yankin Helambu na mutanen Hyolmo, har a sauka Sundarijal a gefen kwarin Katmandu, inda mota take jira.