Ƙofofi Biyu na Tankin Gas

Yara, ko kun taɓa lura da murfin tukunya sa'ad da ake dafa wake, yadda yake ɗagawa yana komawa, alhali ba wanda ya taɓa shi? Abin da ke ɗaga shi tururi ne. Ruwa in ya ji wuta yakan zama tururi, tururi kuwa ya fi ruwa bukatar fili nesa ba kusa ba. In ya rasa filin, sai ya yi ta tura jikin tukunya ta kowane gefe, har ya ture murfi ya fita. Wannan turi shi ake kira matsi. Ku riƙe kalmar nan da kyau, gama da ita za mu yi aiki a darasin nan.

A zamanin nan gidaje da yawa sun rage girki da itace, sun koma girki da gas. Gas ɗin nan daga wajen man fetur ake samunsa. A Nijeriya ana tace shi a wurare kamar Bonny ta Jihar Ribas, a Nijar kuma matatar mai ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, tana fitar da shi. Iri biyu ne akan gauraya, ɗaya sunansa furofen, ɗaya kuma buten. Asalinsu iska ne, ba a ganinsu da ido. Amma in an matse su da ƙarfi sai su zama ruwa-ruwa, su tsuke ƙwarai. Kofi ɗaya na ruwan gas, in an sake shi ya koma iska, ya isa ya cika kofi wajen 250. Kun ga dalilin da ya sa ake matse shi: abin da zai ci fili mai yawa, sai ga shi cikin 'yar tukunyar ƙarfe wadda mutum zai ɗora a bayan babur.

To, amma gas ba da son ransa yake zaune a matse ba. Kullum, dare da rana, yana tura jikin tukunyarsa yana neman mafita. A rana mai tsananin zafi, matsin furofen cikin tanki ya ninka na iskar tayar ƙaramar mota kamar sau biyar. Saboda haka akan ƙera tukwanen gas na gida, da manyan tankunan da ake ajiye shi a gidajen sayarwa, da ƙarfe mai kauri. Amma kauri kaɗai bai wadatar ba. Lalle tanki ya sami ƙofar da za a zuba masa gas, da wata ƙofa da zai rage matsi in ya yi yawa. Irin waɗannan ƙananan ƙofofi su ake kira bawul.

Bari mu fara da bawul ɗin cikawa. Duk wanda ya taɓa ba keke iska ya riga ya san ɗan'uwansa. Kana danna famfo iska na shiga taya, ka zare famfo iskar ba ta biyo ka ba. Haka na tankin gas yake. A cikinsa akwai wani ɗan faifai wanda sifirin ke tokarewa a bakin rami, faifan kuwa ciki kaɗai yake buɗewa. In motar gas ta zo, sai a ɗaura mesa a bakin bawul, a ta da famfo. Turin famfo ya fi na gas ɗin da ke ciki ƙarfi, sai faifan ya ja da baya, gas ya shiga. Da an tsai da famfo, sai sifirin ya mai da faifan mazauninsa.

Ga wani abin mamaki a nan. Gas ɗin da ke son fita shi ne ke ƙara rufe wa kansa hanya. Ku ɗauka an zuba awaki cikin ɗaki mai ƙyauren da ke buɗewa ciki. In suka taru suna tunkuyin ƙyauren don su fita, me zai faru? Ƙara dannuwa zai yi a jikin ƙofa. Haka faifan nan yake: gwargwadon turin gas, gwargwadon rufuwarsa. A manyan tankuna sau da yawa akan sa faifai biyu, ɗaya bisa ɗaya, domin in tsakuwa ko datti ya hana na farko rufuwa sosai, na biyu ya tsare.

Sai dai akwai wata doka babba wajen cika tanki, ita ce ba a cika shi har baki. Bisa al'ada, kashi 80 cikin 100 kaɗai akan zuba, a bar kashi 20 fili. Watau tankin da ke cin lita 1,000, lita 800 za a zuba masa. Wani zai ce, "Wannan ai asarar wuri ce!" A'a, ba asara ba ce. Ruwan gas yana kumbura in ya ji zafi, kumburinsa kuwa ya ninka na ruwan sha fiye da sau goma. Tankin da aka cika da sanyin asuba, kafin azahar abin da ke ciki ya ƙara tasowa. In an bar masa fili, sai ya taso cikin filin, ba abin da zai faru. In kuwa ba fili, ruwa ba ya matsuwa kamar iska, sai ya fuskanci ƙarfe da turi mai tsanani, har ƙarfen ya tsage.

Ta yaya mai cikawa zai san ya kai iyaka, tun da ba ya ganin ciki? Akwai dabaru uku. Ƙananan tukwane na gida, kamar mai kilo 3, da mai kilo 6, da mai kilo 12.5, a kan sikeli ake cika su. An rubuta nauyin tukunyar wofi a jikinta, sai a haɗa da nauyin gas, in sikeli ya kai a tsaya. Manyan tankuna kuwa suna da wani siririn bututu da ya sauka ciki ya tsaya daidai iyakar cikawa. Ana buɗe bakinsa kaɗan sa'ad da ake zubawa. Muddin iska ce ke fita, da sauran wuri. Da ruwan gas ya taɓa bututun sai ya feso fari kamar hazo, mai cikawa ya rufe nan da nan. Dabara ta uku wani abu ne mai yawo a kan ruwan gas, kamar yadda gora ke yawo a kan kogi. Ruwa na tasowa yana tasowa, in ya kai iyaka sai ya rufe bawul da kansa. A Amurka, tun 2002 aka hana cika ƙananan tukwanen gas da ba su da wannan abu.

Kun san a kasuwa in an auna mana gero ko gyaɗa mukan ce, "A yi mini gyara." Wannan al'ada ce mai kyau. Amma wajen gas ba a neman gyara. Wanda ya ƙara maka gas fiye da awon tukunyarka ba alheri ya yi maka ba, ya cinye filin da ke tsare gidanku ne.

Yanzu sai mu zo ga ƙofa ta biyu, watau bawul ɗin tsaro. Shi ma faifai ne da sifirin, amma an juya shi, waje yake buɗewa. Sifirin ɗinsa mai ƙarfi ne ƙwarai, an auna ƙarfinsa tun daga masana'anta. Kullum gas na tura faifan sama, sifirin na danne shi ƙasa, kamar 'yan kokawa biyu. A ranakun lafiya sifirin ke rinjaye, ƙofa a rufe take, har shekaru su wuce ba ta buɗe ba. Amma in zafi ya yi yawa, ko an cika tanki fiye da kima, matsi ya hau har ya kai iyakar da aka sa, sai gas ya rinjayi sifirin. Faifan ya ɗaga, gas ya fita da huci mai ƙarfi, matsi ya sauka, sa'an nan sifirin ya sake rufe ƙofa. Ba mai gadi, ba lantarki, shi kaɗai ke aikinsa. An auna shi yadda zai buɗe tun ƙarfen tanki bai kusa gazawa ba. Gas ɗin da ya fita ma hatsari ne, gaskiya, shi ya sa a manyan tankuna akan sa masa dogon bututu mai duban sama, ya kai shi nesa da mutane. Amma gara kaɗan ya fita da a ce tanki ya fashe duka.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A 1679 wani masani mutumin Faransa, Denis Papin, yana zaune a Landan, ya ƙera tukunyar ƙarfe mai murfin da ake ɗaurewa tam, wadda ke dafa ƙashi har ya yi laushi. Da yake tururi ba ya samun mafita, tukunyar na iya fashewa. Sai ya huda ɗan rami a murfin, ya toshe shi, ya ɗora sanda a kan toshin, ya rataya nauyi a ƙarshen sandar. In tururi ya fi ƙarfin nauyin, sai ya ɗaga shi ya fita. Daga baya aka sa irin wannan bawul a tukwanen tururi na jiragen ƙasa da na ruwa, sa'an nan aka musanya nauyi da sifirin.

Bawul ɗin tsaro a can saman tanki yake, a wajen filin da aka bari, domin in ya buɗe iska ce za ta fita. Kun ga dalilin da ya sa ba a kwantar da tukunyar gas. In an kwantar da ita, ruwan gas ne zai zo bakin bawul, kun kuwa tuna kofi ɗaya nasa kofi 250 ne na iska. Har wa yau akan kifa wa bakin bawul ɗin 'yar hula, don kada ruwan sama ko ƙura su shiga, ko zanzaro ya gina ɗakinsa ciki ya toshe shi.

Hausawa sun ce, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ran 11 ga Yuli, 1978, a ƙasar Sifen, wata motar tanki ta ɗauko wani gas mai suna furofilin, ɗan'uwan gas ɗin girki. An zuba mata tan 23, alhali iyakarta wajen tan 19 ne, tankinta kuma ba shi da bawul ɗin tsaro. Ta yi tafiya cikin zafin rana, gas ya kumbura ya rasa fili, ya rasa mafita. Daidai wani wurin shaƙatawa a bakin teku mai suna Los Alfaques tankin ya tsage, wuta ta tashi, mutum fiye da 200 suka rasu. Da an tsaya a kan awo, da kuma akwai ɗan bawul ɗin nan, da gas ya sami inda zai huce.

Duk da haka kada ku zaci bawul ya isa kome. In gobara ta kewaye tanki, ƙarfe yakan yi laushi saboda zafi, ya fashe ko da bawul na buɗe yana aikinsa. Haka ya faru a matatar mai ta Feyzin, kusa da birnin Lyon na Faransa, a 1966, mutum 18 suka rasu, da yawansu 'yan kwana-kwana ne. Saboda haka in kun ga wuta a jikin tankin gas ko motar gas, kada ku tsaya kallo. Ku gudu nesa, ku gaya wa manya su kira 'yan kwana-kwana.

A gida ma akwai abin da kowane yaro zai iya kiyayewa. Kada a ajiye tukunyar gas cikin rana ko kusa da wuta, kada a kwantar da ita, kada a mirgina ta a ƙasa. Kada ku yi wasa da kanta, kada kuma wani ya buge shi ko ya toshe shi. Gas ɗin girki asalinsa ba shi da wari, da gangan aka sa masa wari mai ɗoyi domin hanci ya faɗakar da mu. Ya kuma fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, ya taru a lungu. In kun ji warin nan, kada ku ƙyasta ashana, kada ku taɓa makunnin lantarki. Ku buɗe ƙofa da taga, ku fita waje, ku gaya wa babba. Shi kuma in zai nemi inda ke yoyo, da kumfar sabulu zai shafa, inda ta yi ƙwai nan ne. Ba a neman yoyon gas da ashana. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Mene ne matsi?
2. Don me gas ba ya iya fita ta bawul ɗin cikawa?
3. Tanki yana cin lita 500. Lita nawa ya kamata a zuba masa?
4. Wane bambanci ke tsakanin bawul ɗin cikawa da bawul ɗin tsaro?
5. Me ya sa ba a kwantar da tukunyar gas?
6. Me za ka yi in ka ji warin gas a ɗakin girki?