Baƙon Barlin: Abubuwan da Ke Ɗaure wa Ba'amurke Kai

Mu a nan, Bature Bature ne. Da wanda ya fito daga Amurka da wanda ya fito daga Jamus, duk kwando ɗaya muke zuba su, muna ganin in wannan ya je garin wancan kamar Bakano ne ya leƙa Zariya. Ashe da sauran magana. Ba'amurken da aiki ko karatu ko aure ya kai shi Barlin, babban birnin Jamus, yakan yi makonnin farko yana zare ido kamar wanda mota ta sauke a baƙuwar tasha da tsakar dare. Abin dariyar kuma, rabin abin da ke ɗaure masa kai, Bahaushe ko a jikinsa.

A fara da gidan haya. Ya biya kuɗi, an miƙa masa makulli, ya tura ƙofar kicin, sai ya ga wayam. Bututun ruwa biyu sun leƙo daga jikin bango, wayar wuta tana reto daga silin, ko kwan fitila babu. Ba ɓarayi ne suka shiga ba. Gidajen haya da yawa a Jamus haka ake ba da su. Wanda zai tashi yakan kwance kabad-kabad ɗinsa da firiji, wani lokaci har da wurin wanke kwanuka, ya loda a mota ya yi gaba, ko ya sayar wa mai shigowa. A Amurka yawanci murhu da firiji a gidan ake tarar da su. Amma fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen Barlin 'yan haya ne, kuma ba a yawan tashi, don haka kowa kan kafa irin kicin ɗin da ransa ke so. Mu da muka saba ango ya ba da ɗaki fanko, dangin amarya su zo su yi jere, ba mu ga abin salati a nan ba.

A ƙofar benen ma ba lambar ɗaki ake dubawa ba. Sunayen mutane ne jere a jikin ƙararrawa da akwatunan wasiƙa. In sunanka ba ya wurin, wasiƙarka ta koma inda ta fito. Kwatancen "gidan Alhaji wane" ke nan, sai dai nasu a rubuce yake. In kuma aka ce masa ɗakinsa yana hawa na huɗu, to a lissafin Amurka na biyar ne, domin Bajamushe ba ya ƙirga na ƙasa. Tsofaffin benaye da dama ba su da lif. Ga akwati biyu, ga matakala.

Kafin ya huce, sai a ce masa yana da mako biyu kacal ya je ofishin hukuma ya yi rajistar inda yake kwana, abin da suke kira Anmeldung, ɗauke da takardar shaida daga mai gidan. A ƙasarsu ba wanda ke zuwa gaya wa gwamnati ya sake unguwa. A nan kuwa in babu wannan takarda, lambar haraji ba ta zuwa, wasu bankuna ma ba za su saurare shi ba. A cikin fom ɗin akwai tambayar addini. Ya amsa da zuciya ɗaya cewa shi ɗan Katolika ne, ƙarshen wata ya ga an yanki harajin coci a albashinsa, kashi 9 cikin 100 na harajin da yake biya. Musulmi ba sa biyan wannan. Wanda ba mai tsallake shi sai mai uzuri shi ne kuɗin gidajen rediyo da talabijin na jama'a: yuro 18.36 duk wata a kan kowane gida, ko da talabijin ko babu.

Sai ranar Lahadi, wadda ita ce ke kama kusan kowane baƙo sau ɗaya. Ya tashi da safe firiji ba komai, ya ɗauki jaka ya nufi kanti, ya tarar da ƙofa a garƙame. Ya zaga na gaba, haka. Na gaba ma haka. Mutumin da ya saba sayen madara ƙarfe biyun dare ya tsaya a bakin titi da jaka fanko. Hutun Lahadi a cikin tsarin mulkin Jamus yake, sun gaje shi daga na 1919. Abin da ke ceton mutum sai gidajen burodi da safe, da gidajen mai, da 'yan kantunan manyan tashoshin jirgin ƙasa, inda layi kan yi tsawo kamar ana rabon zakka. Ranar kuma ba a huda bango, ba a yanke ciyawa da inji, ba a jefa kwalabe a kwandonsu saboda ƙara. Haka kowane dare daga ƙarfe 10 zuwa 6 na safe. Ka saɓa, gobe ka ga takarda manne a ƙofar bene, ba suna, ba gaisuwa.

A cikin kantin ma akwai kallo. Mai karɓar kuɗi a zaune take, tana wulla kaya da sauri kamar ana korarta, shi kuma yana tsaye yana jiran a zuba masa a leda. Ba mai zuba masa. Ledar ma sai ya saya, mutanen da ke bayansa kuma sun fara hararsa. Kamfanin Walmart, gagarabadan kantunan Amurka, ya shiga Jamus a 1997 da ɗabi'unsa na gida: ma'aikaci a bakin ƙofa yana yi wa kowa maraba, masu karɓar kuɗi suna murmushin dole. Jamusawa suka ga abin banbaraƙwai, ga kantunan Aldi da Lidl sun riga sun karya farashi. A 2006 ya sayar da kantunansa 85 ya tattara komatsansa. Abu ɗaya dai ke yi wa Ba'amurke daɗi: kuɗin da ya gani a jikin kaya shi zai biya, ba kamar gida ba, inda sai an zo biya ake ɗora haraji.

Ƙwai a kan kanta yake, ba a firiji ba, abin da ke sa shi ja da baya. A Amurka ana wanke ƙwai kafin a sayar, wankin kuma yana cire wata 'yar fata da ke kare ɓawon daga ƙwayoyin cuta, dole sai sanyi. Turai ta hana wanke ƙwan da za a kai kanti. Mai shayin unguwarmu da kiret ɗinsa a kan tebur ashe tsarin Turai yake bi.

Kwalba kuwa kuɗi ce. Kusan kowace robar lemo ko gwangwani akwai senti 25 a kanta, sai ka mayar da ita cikin wani inji a bakin kanti, ya juya ta, ya haɗiye, ya turo maka 'yar takardar kuɗinka. Jihohi 10 ne kawai ke da irin wannan a Amurka. Wanda ya sha a hanya ba ya jefa kwalbar cikin shara, yakan ajiye ta a gindin kwandon don masu tsinta su ɗauka ba tare da sun tona datti ba. Wannan ɗabi'a ta burge ni. Duk wanda aka taɓa aika sayen lemo aka ce masa "ina kwalba?" ya san zancen.

A gidan abinci ba a kawo ruwa kyauta da ƙanƙara. Saya za ka yi, in ba ka yi bayani ba ma a kawo maka mai gas, kamar lemon kwalbar da aka manta ba a sa wa sukari ba. Ba a kawo lissafi sai ka nema. Tukwici kashi 5 zuwa 10 ya wadatar, ba 20 ba. Wurare da dama kuma har yanzu tsabar kuɗi suke so, kati ya zauna a aljihu.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ya fara aiki tun 1902, ba shi da shinge ba shi da mai gadi. Ka sayi tikiti, ka buga masa hatimi a inji, ka shiga. Baƙo yakan ɗauka banza ta faɗi, har ranar da mutum biyu cikin kayan gida za su ciro katin shaida bayan ƙofa ta rufe. Tarar yuro 60. Tsallaka titi danja na ja tarar yuro 5 ce kawai, amma hararar tsohuwar da ke riƙe da jikanta ta fi tarar zafi. Ɗan mutumin nan mai malafa da ke cikin fitilar danjar, wani masani mai suna Karl Peglau ne ya tsara shi a Barlin ta Gabas a 1961. Ƙasar da aka tsara shi a cikinta ta rushe, ɗan mutumin yana nan, har ya ƙetara yamma.

Lambobi ma sun juya masa baya. An ce gobe zafi zai kai 30, ya ɗauko rigar sanyi, domin 30 a ma'aunin ƙasarsu ruwa ya daskare. An rubuta 4.7, ya ɗauka 7 ga Afrilu ce, alhali 4 ga Yuli ake nufi, ranar 'yancin ƙasarsu ma. Ya jona na'urar busar da gashi da ya taho da ita, ta yi ƙauri ta mutu: wutar gida 120 ce, ta nan 230. Barlin kuma ta fi kowace jihar Amurka kusa da ƙuryar arewa in ban da Alaska. A Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu, a Yuni sai tara da rabi. Masu azumi a can su ne za su ba da labari.

Wuri ɗaya da Ba'amurke da Bahaushe suke layi ɗaya shi ne gaisuwa. Shi ma in ya ce "yaya kake" ba amsa yake nema ba, kamar mu da mai jinya ke cewa "da sauƙi" yana nishi. Bajamushe kuwa tambaya ce ka yi masa, zai zauna ya zayyana maka ciwon bayansa. Kada kuma ka taya shi murnar ranar haihuwa kafin ranar ta zo, camfi ne babba. Kek ɗin ma mai ranar ne ke kawowa ofis.

Garin kansa ma akwai abin kallo. Manyan bututu masu launin ruwan hoda da ke ratsa saman tituna ba ado ba ne. A kan fadama aka gina garin, in an haƙa ramin gini ruwa ke ɓuɓɓugowa, su ke kwashe shi zuwa kogi. Filin jirgin Tempelhof, inda jiragen Amurka suka riƙa sauke abinci da gawayi lokacin da Tarayyar Sobiyet ta toshe hanyoyin Barlin ta Yamma a 1948, an rufe shi a 2008. Yanzu yara ke tuƙa keke a kan titin saukar jirgi, iyaye na gasa nama a gefe.

A Yulin 2023 wani ya ɗauki bidiyon wata dabba da dare a Kleinmachnow, bakin garin, aka ce zakanya ce. 'Yan sanda suka fito da jirage masu saukar ungulu da maharba da likitocin dabbobi, aka ce kowa ya kulle gida ya tsare karensa. Bayan fiye da kwana guda ana nema, masana suka sake duba bidiyon suka ce aladen daji ne, irin waɗanda ke yawo a bayan garin kullum.

Mai karatu, in Allah ya kai ka Barlin kuma saukarka ta faɗo ranar Asabar, ajiye akwati ka je ka sayi burodi da ƙwai tukuna. Hutawa ta jira gobe.