Zaɓen Sabuwar Taya Ga Motar Lantarki

A watan Nuwamba na 2020 aka nuna wa jama'a a Ikko wata mota mai suna Hyundai Kona, wadda kamfanin Stallion ya harhaɗa a ƙasar nan. Ba ta shan fetur, ba ta shan gas, da batir ta ke tafiya. A shekarar da ta biyo aka buɗe wuraren yi wa irinta caji da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da kuma Jami'ar Ikko. Tun kuwa da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, mutanen da a da ba su ko waiwayar motar lantarki sun soma tambayar kuɗinta. Duk inda aka zauna hirarta, maganar batir a ke yi. Ni kuwa so na ke in ja hankalin 'yan'uwana malamai da ɗalibai ga abin da ba a tunawa da shi sai ran da ya suɗe, watau taya.

Zan riƙe ita Kona ɗin ta zama misali, samfurinta na farko mai babban batir, wanda aka soma sayarwa a 2018. Tana cikin motocin nan masu tsaka-tsakin jiki, ta fi ƙaramar mota tudu, amma ba ta kai jif ba. Abin da zan faɗa a kanta ya shafi sauran 'yan'uwanta, lambobi ne kawai za su bambanta.

Farkon abin da ya raba ta da mai shan fetur shi ne nauyi. Batirinta kaɗai ya kai wajen kilo 450, watau buhun siminti tara, shimfiɗe ƙarƙashin kujeru. Motar duka, ba kowa a ciki, ta kusa kilo 1,700, alhali 'yar'uwarta mai fetur, mai jiki iri ɗaya, wajen kilo 1,300 ta ke. Fasinja ya kan sauka, kaya a kan sauke, amma batir yana nan dare da rana, ko ya cika ko ya ƙare nauyinsa ɗaya ne. Duk wannan kuwa a kan wurare huɗu ya ke zaune, kowanne bai fi tafin hannun babban mutum da yawa ba.

Sa'an nan ga yadda ta ke tashi. Injin fetur sai ya yi ƙugi, an sa giya, kana ƙarfinsa ya taru. Na lantarki da an taɓa totur ya ke sakin ƙarfinsa gaba ɗaya. Kona ta kan kai gudun kilomita 100 a sa'a cikin abin da bai cika daƙiƙa 8 ba. In direba ya ɗaga ƙafa kuma, injin nan ya kan juya ya zama janareto, ya riƙe motar, ya mai da wuta cikin batir. Da ya ke ƙafafun gaba ne ke ja, su ke juyawa da sitiyari, su ne kuma injin ke riƙewa, sai ka ga tayoyin gaba sun yi sanƙo na baya suna nan da zanensu. Shi ya sa mai motar lantarki ya kan riski shagon taya da wuri fiye da yadda ya zata.

To, ya isa shagon. Me zai duba?

Kowace taya tana ɗauke da takardar shaidarta a rubuce a kuiɓinta. A kan ta Kona za ka ga 215/55 R17 94V. Lambar farko faɗin taya ce, milimita 215. Ta biyu tsayin kuiɓi ce, amma ba kai tsaye aka faɗe shi ba, kashi 55 ne cikin 100 na faɗin, watau wajen milimita 118. Malamin lissafi da ke neman misalin kashi cikin ɗari ga 'yan aji shida, ga shi nan a bakin titi kyauta. R tana nuna yadda aka jera zaren da ke cikin roba, irin saƙar da kamfanin Michelin na Faransa ya yi wa rajista a 1946, wadda kusan duk ƙananan motoci ke hawa yanzu. 17 kuwa girman wili ne, da inci. Waɗannan kowane mai shago ya san su, gama in an kuskure su tayar ba ta shiga, ko ta riƙa gugar jikin mota.

Wurin da a ke sakaci shi ne 94V, ga motar lantarki kuwa nan ne maganar ta ke. 94 ba kilo ba ne, lamba ce ta wani jadawali da masu yin taya suka yarda da shi, ma'anarta taya ɗaya tana iya ɗaukar kilo 670. Lamba 91 kilo 615 ce, 98 kuwa kilo 750. Mu yi lissafi. Mota kilo 1,700, mutum biyar a ce 350, kaya a but a ce 100, an sami 2,150. In aka raba huɗu, kowace ƙafa ta tashi da wajen 540. Wani ya ce, ashe ko mai 91 ma ta isa. A kan allo ta isa, amma a kan hanya nauyi ba ya zama daidai wa daida. In an taka birki gaba ya ke tafiya, in an sha kwana ya koma gefe ɗaya, in an faɗa rami ya taru kan ƙafa guda. Har wa yau kilo 670 ɗin nan sai taya tana cike da iska yadda ya kamata ta ke iya ɗaukarsa. Saboda haka ba a sauka ƙasa da lambar da maƙerin mota ya sa, ko da ɗaya. Hawa sama ba laifi. Akwai masu girman nan da aka buga wa XL, an ƙarfafa jikinsu, su ne masu 98. Ga hanyoyinmu, da yadda mu kan loda wa mota doya da garin rogo ran komawa gida hutu, ni su na fi so, ko da ya ke sun ɗan fi tauri a gargada. Harafin V na gudu ne, kilomita 240 a sa'a. Ba wanda zai yi wannan gudu, amma taya mai babban harafi ta fi jure zafi, zafi kuwa muna da shi.

Yanzu sai maganar da masu motar lantarki suka fi so, watau nisan da caji ɗaya ke kai su. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke mai saɓon iska ya san yadda cinya ke gaya masa. Roba tana lotsawa inda ta taɓa ƙasa, ta miƙe in ta wuce, kowace lotsawa kuwa tana cin ƙarfi ta mai da shi zafi. Bari mu kira wannan turjiyar taya. A motar fetur ba a cika jinta ba, don injin da kansa ya riga ya zubar da fiye da rabin ƙarfin mai ta hanyar zafi da hayaƙi. Injin lantarki ɓarnarsa kaɗan ce, don haka abin da taya ke ci sai ya fito fili. Ga shaida daga ita Kona. A gwajin da a ke yi a Turai, da an rubuta mata kilomita 449 a caji ɗaya. A 2020 aka mai da shi 484, batir bai canja ba, babban abin da aka sake shi ne tayoyi masu ƙarancin turjiya. Kilomita 35 ke nan. A inda wuraren caji su ke nesa da juna, wutar gida kuma tana zuwa tana ɗaukewa, wannan ba abin rainawa ba ne.

Amma fa taura biyu ba ta taunuwa. Roba mai laushi ta fi kama kwalta, sai dai ta fi turjiya, ta fi saurin cinyewa. Mai tauri ta daɗe, ta gungura da sauƙi, ran da aka yi ruwa kuwa ta yi santsi. Tun 1992, da aka soma zuba garin silika, dangin yashi, cikin robar taya, an rage wannan rigima ƙwarai, amma ba a kashe ta ba. Don mai saye ya gani da idonsa, ƙasashen Tarayyar Turai suka sa doka a 2012 a riƙa manna wa taya takarda, aka gyara ta a 2021. Tana ba da maki daga A zuwa E ga turjiya, da wani makin daga A zuwa E ga kama jiƙaƙƙiyar hanya, da awon ƙara. Tayoyi da yawa da ke shigowa kasuwanninmu suna zuwa da ita. In aka sami mai A a duka biyu, aljihu kuma ya yarda, madalla. In sai an bar ɗaya, ni na ruwa zan riƙe. Wanda cajinsa ya gaza ya kan kwana a hanya ya yi ta ƙunƙuni, amma mota mai kilo dubu biyu da ta ƙi tsayawa cikin ruwan Yuli wata magana ce dabam. Tayoyin da a ke sayarwa a Amurka kuma suna da makin jure zafi a kuiɓinsu, A ko B ko C. A nemi A.

Ko lalle ne a sayi wadda aka rubuta wa cewa ta motar lantarki ce? Kamfanoni sun fito da irinsu, kamar iON ta Hankook, da masu alamar Elect na Pirelli. Tayoyi ne masu kyau, an yi su da nauyi da turjiya a zuciya. Amma ba wajibi ba ne. Taya ta kullum mai girman da ya dace, mai lambar nauyin da ta isa, mai maki nagari, ta yi aiki sarai. Waɗansu daga cikin na musamman ɗin an manna musu soso daga ciki don rage ƙara, gama inda babu ƙugin inji kukan taya ne ke cika kunne. Soson yana aiki, sai dai ran da ƙusa ta shiga, dole mai faci ya yanke shi daga wurin hujin kafin ya manna faci, ba kowane mai faci ne kuwa ya taɓa ganinsa ba.

Abin da ya fi damuna a kasuwarmu shi ne shekarun taya. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina yin taya a Ikko a 2008, tun daga nan yawancin abin da mu ke hawa daga ƙetare ya ke zuwa. Dokar kwastan ta hana shigo da tsofaffin tayoyin ƙananan motoci, amma kowa ya san 'yan gwanjo ba su yanke ba. Akwai kuma masu cusa sababbi cikin juna, uku ko huɗu a cikin ɗaya, don su rage kuɗin dako da na fito. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama irinsu, don cusawar tana lanƙwasa wayar da ke bakin taya, ta raunana ta tun ba ta taka ƙasa ba. A shafa bakin da hannu, in ya karkace ko ya tsage a bar ta. Sa'an nan a nemi haruffan DOT a kuiɓi, a bi su har ƙarshe, za a ga lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2324 ma'anarsa mako na 23 na 2024. Roba tana bushewa ko ba a hau ta ba, balle a rumfar kwano cikin zafi. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa tana horon direbobi kada su wuce shekara huɗu daga ranar da aka yi taya. Waɗansu masu yin taya sun ba da wa'adi mai tsawo fiye da haka, amma ko ta wane lissafi, wanda ya sayi wadda ta yi shekara uku a shago ya biya kuɗin sabuwa ya karɓi tsohuwa. Araha ba ta ado.

In hali ya yi a sake huɗun tare, iri ɗaya. In biyu kaɗai aljihu ya iya, to, su zama tagwaye, a kuma sa su baya, ko da ya ke na gaba ne suka cinye, a mai da na bayan gaba. Na san wannan ya saɓa wa abin da a ke yi a tasha. Dalili shi ne in gaban mota ya zame direba ya kan ji a sitiyari, ya sassauta, ya gyara, in baya ya zame kuwa motar juyawa ta ke yi gaba ɗaya. Bayan an ɗaura, a kai ta a daidaita ƙafafu, a riƙa musanya na gaba da na baya wajen kowane kilomita 10,000. A cikin kwarin zanen taya akwai 'yan tudu ƙanana masu tsayin milimita 1.6, ran da zane ya yi daidai da su taya ta ƙare, mai tafiya da damina ma kada ya jira hakan. Iska kuma ba da bugun ƙafa a ke auna ta ba, ba kuma da lambar da mai faci ya saba sa wa tasi ba. Awonta yana rubuce a jikin dogaran ƙofar direba, a duba da geji da safe kafin taya ta yi zafi, ko sau ɗaya a wata.

Kafin a bar shagon a ɗaga shimfiɗar but a leƙa. Motocin lantarki da yawa ba sa zuwa da safaya, sai ɗan famfo da kwalbar ruwan gam. Wannan ya kan toshe hujin ƙusa, amma ba ya ɗinke kuiɓin da bakin rami ya yaga. Mai niyyar doguwar tafiya gara ya sayi ta biyar da wilinta, ya haɗa da jak mai iya ɗaga nauyin motar, ya kuma duba littafinta ya ga daidai inda a ke kafa shi, don kada a kafa shi a ƙarƙashin batir.