Littafin Hannu Amana Ne: Abin Da "Sardul Kalami" Ya Tsare Wa Mutanen Jega

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako muna so mu jawo hankalinku ga wata dukiya wadda ke kwance cikin gafakoki a zaurukan malamai da ɗakunan magada a Jega da Aliero da Maiyama, watau littattafan da magabata suka rubuta da hannu. Za mu kafa misali da littafi guda, domin a ga irin abin da 'yan warƙoƙi kaɗan ke iya tsare wa al'umma.

Littafin nan shi ne Sardul Kalami, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa da Larabci a kan abin da ya gudana tsakaninsa da Malam Abdussalami. Shi Abdussalami yana cikin manyan almajiran Shehu Usmanu, ya kuwa zauna da jama'arsa a Gimbana, a wannan yanki. Harin da mayaƙan Gobir suka kai wa Gimbana yana cikin dalilan da suka jawo hijirar Shehu daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Bayan wafatin Shehu a 1817 sai saɓani ya auku tsakanin Bello da Abdussalami, wanda a sa'an nan yake Kware, har abin ya kai ga yaƙi, ya rasu a 1818. Ɗansa Buhari shi ne ya kafa garin Jega wajen 1820, a ƙarƙashin Gwandu. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya.

To, abin lura shi ne, Bello bai tsaya ga kawo tasa hujja kaɗai ba. Ya sa wasiƙun Abdussalami cikin littafin, har da wadda ya yi kuka cikinta game da yadda aka raba ƙasa bayan jihadi, sa'an nan ya biyo da amsarsa. Saboda haka duk ɗan Jega da ke son jin maganar mahaifin wanda ya kafa garinsu, a alƙalamin abokin jayayyarsa zai same ta. Wannan shi ne adalcin malanta, wanda ya kamata mu yi koyi da shi.

Ta yaya littafin ya iso gare mu? Ta hannun masu kwafa ne, malami ya ba almajiri, almajiri ya juya nasa. Takardar da aka fi yin aiki da ita a wancan zamani daga Italiya take, fatake ke ratso Sahara da ita, in an ɗaga ta a rana sai a ga alamar jinjirin wata uku. Tawada kuwa a gida ake dafa ta, a sa mata ƙaro. Ba a ɗinke warƙoƙin, sai dai a ƙasan shafi a rubuta kalmar da shafi na gaba zai fara da ita, don kada su rikice. A ƙarshe mai kwafa yakan sa sunansa, wani lokaci har da sunan mai littafin da ranar gamawa, ya roƙi addu'a.

A farkon shekarun 1930 Hukumar Fassara ta juya Sardul Kalami zuwa Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Wannan hukuma ce, a ƙarƙashin Dokta East a Zariya, ta shirya gasar 1933 wadda ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Daga baya gidajen adana tarihi suka tashi, irin su Gidan Ajiyar Takardun Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato.

Amma kada mu ruɗu. Littafin sarki yana da masu kwafa da yawa, in wani kwafe ya salwanta wani yana nan. Na malamin ƙauye fa, wanda ya rubuta fatawa, ko salsalar malamansa, ko waƙen wa'azi da ajami, sau da yawa kwafe guda ke nan a duniya. Gara da ɓera da yoyon ɗaki ba su san darajar marubuci ba, ambaliya kuwa mun ga irin ɓarnar da ta yi a Jihar Kebbi a 2020. Mafi ciwo shi ne abin da mu da kanmu muke yi ran rabon gado: a kasa littafi guda kashi uku don kowa ya sami albarka, alhali kuwa an kashe shi.

Saboda haka muna kira ga magada da su bar kowane littafi a dunƙule, in da hali a mai da su wakafi a hannun amintacce. A ɗauke su daga ƙasa, a sa su cikin akwatin ƙarfe a wuri busasshe, kada a liƙe yagaggen shafi da salatif, kada kuma a jefar da shafin ƙarshe. Ku 'yan kasuwar Jega da dillalan albasa na Aliero, kuɗin akwati da na ɗaukar hoton shafuffuka ba su taka kara sun karya ba a wurinku, ga shi kuwa ilimi mai amfani yana cikin ayyukan da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa. Ku ma'aikatan gwamnati, ku ne kuka san ƙofofin hukumomin nan, sai ku sada su da masu littattafai, bisa sharaɗin a ɗauki hoto a bar wa mai abu abinsa.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amanar magabata, Ya gafarta wa waɗanda suka rubuta da waɗanda suka kwafa, amin.