Ƙadangaren Katsina da Ɗan'uwansa na Turai

Duk wanda ya bi ta gindin Hasumiyar Gobarau da hantsi zai tarar da ƙadangaru sun baje suna shan rana. Ba lalaci ba ne. Jikin ƙadangare ba ya samar da isasshen ɗumi da kansa, tilas ya aro daga rana kafin ya iya farautar tururuwa da gara. Hatta jan kan nan na jan gwada, wato babban namijin, da shuɗin jikinsa, dusashewa suke yi da dare.

Aikin zafi bai tsaya nan ba. Macen takan haƙa rami a ƙasa mai laima, galibi da damina, ta saka ƙwai biyar zuwa bakwai, ta binne. A 1966 Madeleine Charnier ta gano a Dakar cewa ɗumin da ƙwan irin wannan ƙadangare ya samu shi ke yanke jinsin ɗan: a digiri 26 zuwa 27 kusan duka mata ake ƙyanƙyashewa, a digiri 29 kuwa maza. Ke nan ɗumamar yanayi ba ƙaramar barazana ba ce gare shi.

A arewacin Turai ƙasa ta cika sanyi, ƙwan da aka binne da ƙyar yake yi. Can akwai wani ɗan ƙadangare mai ruwan ƙasa, Zootoca vivipara, wanda gangar jikinsa, ban da wutsiya, ba ta cika wuce santimita 7 ba. Macensa a ciki take riƙe ƙwan, tana shan rana da shi, har ta haifi 'ya'yan da rai. Da wannan dabara ya bazu daga Ailan har Japan. A tsaunukan da ke tsakanin Faransa da Sifen kuwa, har yanzu ƙwai yake sakawa.